Awo na Biyu

A majami'ar da Tabitha Shekari take sujada a Sabon Gari akwai wani benci na katako a can baya, dab da ƙofa, wanda ba a taɓa yi masa fenti ba. Nan ake zaunar da wanda ikilisiya ta sa a ƙarƙashin horo, wato wanda aka dakatar daga cin Jibin Ubangiji da kowane aiki na coci har ya cika watannin da dattawa suka yanke masa. Shekara tara ke nan Tabitha tana zama a wannan benci kowace Lahadi, alhali ba wanda ya taɓa sa ta a horo. Baƙi sukan tambayi dalili. Tsofaffin 'yan ikilisiya sun sani, sai dai ba sa son faɗa.

An haife ta a 1961 a wani ƙauye na kudancin Kaduna. Ta zo Samaru a 1980, amarya 'yar shekara goma sha tara, ta tare a ɗaki ɗaya da mijinta Shekari, wanda yake aiki a gonar gwaji ta jami'a. Shekara goma ta yi ba haihuwa. A cikin waɗannan shekaru ta san yadda hira take mutuwa idan ta iso bakin famfo, ta kuma san irin gaisuwar da dangin miji suke yi wa mace suna duban cikinta. Shekari mutum ne mai haƙuri, bai taɓa goranta mata ba, amma haƙurinsa bai rufe bakin unguwa ba. Sai ta ƙudurta a ranta cewa tun da ba ta da ɗan da za a kira ta da sunansa, za ta nemi wani abin da za a riƙa ambatonta da shi. Ita ce ta farkon isa coci, ita ce ta ƙarshen fita. Ta kuma shiga koyon ɗinki wajen wata Bayarabiya a Sabon Gari, ba ta bar wurin ba sai da ta fi malamarta iya yanka.

A 1990 ta haifi 'ya mace, Shekari ya raɗa mata suna Marvellous. Ba ta sake haihuwa ba. Shekari ya rasu a 1999, ya bar su su biyu. Lokacin Tabitha ta riga ta kama ƙaramin shago a layin teloli kusa da kasuwar Sabon Gari, kullum tana hawa motar haya daga Samaru ta bi ta Kwangila, kuma sunanta ya fita a kan abu ɗaya: farar rigar amarya.

Tana da wata al'ada a aikinta wadda daga baya ta zama sanadin komai. Takan auna amarya sau biyu. Awo na farko wajen wata biyu kafin biki, lokacin da za ta yanka yadi. Awo na biyu idan biki ya rage kamar mako biyu, kafin ta rufe ɗinki. Dalilin a fili yake, domin yawancin amare sukan rame saboda zirga-zirgar shiri, rigar da ta zauna daidai a farko sai ta zama buhu a ranar ɗaurin aure. Takan rubuta duka awon biyu a wani littafi mai baƙin bango, gefe da gefe. Amma akan sami amaryar da ba ta rame ba, ƙugu da ƙirji suka ƙaru tare. Telar da ta daɗe a sana'a ba ta buƙatar a gaya mata ma'anar wannan.

Ƙa'idar majami'arsu a kan wannan batu tana da ƙofa biyu. Idan saurayi da budurwa suka je wurin fasto da ƙafarsu suka faɗi abin da ya faru, akan sa wa aurensu albarka a ofishinsa gaban iyaye, ba farar riga, ba lulluɓi, sannan su yi horonsu a matsayin miji da mata. Idan kuwa maganar ta iso ta bakin wani, to ta zama ta jama'a: a yi sanarwa a gaban ikilisiya, a dakatar da auren har sai horo ya cika.

A 2004 wata yarinya mai suna Tochi, 'yar Igbo haifaffiyar Sabon Gari wadda za ta auri wani ɗan ikilisiyar, ta zo awo na biyu. Ƙugunta ya ƙaru da inci biyu. Tabitha ta rubuta lambar a littafinta. Ta sallame ta da fara'a, ta rufe shago, ta tafi wurin shugabar Zumuntar Mata. Ran Lahadi aka yi sanarwa. Tochi ta yi wata shida a bencin baya, daga bisani aka ɗaura auren ba taro. A makon sanarwar ne wata tsohuwa ta faɗi maganar da ta bi Tabitha shekara da shekaru, cewa Mama Tabitha ba ta ɗinka ƙarya. Maganar ta shiga ranta fiye da yadda ta yarda a lokacin. A 2008 aka zaɓe ta shugabar Zumunta, ta koma kujerar gaba cikin ankon mata, ita ke ba da waƙa sauran suna amsawa. Daga Tochi zuwa 2015, amare biyar ne suka bi ta tef ɗin awonta suka ƙare a bencin baya.

Maƙwabciyarta a layin, Hajiya Zubaidatu mai sayar da leshi da zare, takan tsokane ta a kan haka.

"Maƙwabciya, wannan tef naki ya fi asibiti saurin ba da sakamako," in ji ta wata rana. "Ni dai ko ɗaurin ɗankwali ne ba zan kawo miki kaina ba, kada ki auno abin da na ci jiya."

Tabitha ta yi dariya, ta ce gaskiya ba ta jin tsoron awo. Zubaidatu ta ce haka ne, amma ita a saninta tela rufe jiki yake yi. Suka bar maganar a matsayin wasa.

A 2015 Marvellous ta gama jami'a tana koyarwa a wata makaranta a Samaru. Ta kawo wani saurayi, Bamidele, mai gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari, ɗan ƙungiyar mawaƙan coci. Aka sa biki a mako na biyu na Disamba. Rigar wannan bikin Tabitha ta daɗe tana ɗinka ta a zuciyarta. Leshin tun yarinyar tana sakandare Zubaidatu ta zaɓo mata shi, yana naɗe a ƙasan akwati. A watan Oktoba ta yi awo na farko, ta rubuta ƙugu inci ashirin da takwas.

Awo na biyu ya faɗo ranar Litinin da rana, su biyu kawai a shago. Tabitha ta zagaya tef, ta duba, ta sassauta, ta sake zagayawa. Talatin da rabi. Ta juya tef ɗin ta ɗaya gefen kamar mai zargin lambobin sun goge, ta auna a karo na uku.

"Mama, ki bari haka," in ji Marvellous a hankali. "Tef ɗin lafiyarsa ƙalau."

Ta gaya wa uwarta komai tana tsaye cikin rigar da aka kama da allurai. Wata uku ne. Ta ce sun riga sun yanke shawara ita da Bamidele za su je wurin Fasto Mordecai, amma Bamidele ya tafi Offa ɗauko mahaifiyarsa, sai Alhamis zai dawo, ita kuma ba ta so ta shiga ofishin ita kaɗai kamar marar kowa.

"Kwana uku kawai, Mama. Da bakinmu za mu faɗa. Rigar ma na haƙura da ita."

Tabitha ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta cire allurai ɗaya bayan ɗaya ta soka su a kushin allura, ta naɗe rigar. Marvellous ta ɗauki shirun a matsayin yarda.

Tabitha ta sha faɗa daga baya cewa a motar komawa Samaru ba ta tuna da Allah ba, ba ta kuma tuna da 'yar da ke zaune kusa da ita ba. Fuskoki biyar ne suka tsaya mata, na iyayen amaren nan biyar. Ta ji abin da za su ce tun kafin su buɗe baki: ta auna namu ta kai ƙara, ta auna tata ta naɗe tef. Kwana uku sun yi mata yawa, domin a cikin kwana uku wani zai iya lura, kuma idan wani ya riga ta, sunan da ta gina shekara talatin ya rushe.

Talata ce ranar taron Zumunta. Bayan addu'ar buɗewa ta miƙe a gaban mata kusan arba'in, ta ce tana da magana mai nauyi, ta faɗe ta duka, har da inci biyu da rabi. Mata suka fashe da kuka. Suka taso suka rungume ta. Wata ta ce irin wannan bangaskiya rabonta da gani tun zamanin iyayensu, uwa ta miƙa 'yarta tilo saboda gaskiya. Tabitha tana kuka tare da su, amma a ƙarƙashin kukan akwai wani sanyi da ta ji ya sauka a ƙirjinta, kuma ta san daɗi ne.

Fasto Mordecai ya kira ta ofis washegari. Dattijo ne mai taushin murya. Bai yi mata faɗa ba. Ya tambaye ta ko yaran sun yi niyyar zuwa da kansu, ta ce sun yi.

"Da kin bar su sun zo, Mama," in ji shi. "Yanzu kin rufe mini ƙofar da zan buɗe musu."

Magana ta riga ta shiga kunne arba'in, dattawa ba su da zaɓi. Ran Lahadi aka yi sanarwa, aka dakatar da biki. Mahaifiyar Bamidele a tasha ta fara jin labari, kafin ta ga gidan surukanta. Danginsa suka ce an tozarta su da gangan, ba za su haɗa jini da gidan da uwa take tallar 'yarta ba. Bamidele ya jure wata biyu tsakanin danginsa da bencin baya, sannan ya rufe shago ya tafi Legas. Auren bai yiwu ba.

Marvellous ta kwashe kayanta daga gidan uwarta ta kama ɗaki a Bomo cikin ɗalibai. Amma ba ta fasa zuwa coci ba ko sau ɗaya. Kowace Lahadi tana bencin baya, cikinta yana girma a idon kowa. Matan Zumunta kuwa ta ƙofar baya suke shigowa a jere suna waƙa, ana kaɗa tulu, shugaba a gaba. Wato kowane mako Tabitha takan wuce ta gefen 'yarta, har zanenta yana gogar katakon bencin, idonta a kan bagade, muryarta ba ta rawa. Ta gaya wa kanta cewa idan ta waiwaya za a ce ta yi nadama. Mutum ɗaya ce ta bar wurin zamanta ta koma kusa da Marvellous tun Lahadin farko, da 'ya'yanta uku: Tochi.

A watan Yuni Marvellous ta haifi 'ya mace, ta sa mata Ibukun, sunan da Bamidele ya taɓa cewa yana so. Tabitha ta ɗinka kayan jarirai ta tafi Bomo da hantsi. Marvellous ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo mata ruwa, ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Shugaba."

Tabitha ta ce ita ba shugaba ba ce a nan, uwa ce. Ta fara bayani a kan gaskiya da tsoron Allah, Marvellous ta bar ta har ta kai aya.

"Allah ya riga ya sani tun kafin ki auna, Mama. Ba shi kika gaya wa ba. Mata kika gaya wa, domin su tafa miki, kuma sun tafa. Kwana uku na roƙa."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa mata jaririyar ta riƙe na ɗan lokaci, ta karɓe ta, ta raka baƙuwarta bakin hanya kamar yadda ake raka kowace baƙuwa.

An sa Lahadin farko ta Agusta domin maido da ita cikin zumuncin ikilisiya. Tabitha ta yi shiri, ta yi niyyar tasowa daga kujerar gaba ta rungume ta a gaban kowa. Fasto ya kira sunan Marvellous Shekari. Ya sake kira. Tochi ce ta miƙe daga bencin baya ita kaɗai, ta ce Marvellous ta cika watanninta ba ta ci bashin ko Lahadi ɗaya ba, amma jiya ta hau mota zuwa Fatakwal inda ta sami aiki, ta ce a gaishe da ikilisiya.

Mata suka ci gaba da yi wa Tabitha ta'aziyya da yabo, suna cewa ta yi nata, 'ya'yan zamani sai addu'a. Kalmomin da a da suke ɗaga ta yanzu suka zama kamar tuwon da ba gishiri a miyarsa. Abin da ya fi tsorata ta shi ne addu'a. Ita da takan yi addu'ar rabin awa a gaban taro har mata su yi ta amin, ta durƙusa ita kaɗai a ɗakinta da safe ta rasa kalma ɗaya. Sai ta gane cewa duk addu'o'inta na shekaru an tsara su ne domin kunnuwan da ke kewaye da ita. Da aka cire kunnuwan, ba ta san da wa take magana ba, ba ta kuma san wace ce mai maganar ba.

A watan Satumba ta nemi gidan Tochi a Jushi. Ta same ta tana tsinke alayyafo a tsakar gida. Shekara goma sha biyu ba su yi magana ta wuce gaisuwa ba. Tabitha ta durƙusa a gaban matar da ta girme wa da shekara ashirin ta roƙi gafara. Tochi ta ɗaga ta, ta ba ta kujera, ta ce ba za ta yi ƙarya ba, ta yi shekaru tana canza layi a kasuwa don kada ta ga shagonta.

"Amma bari in gaya miki, Mama. Wata shida na yi a can, ko mai shara bai gaishe ni ba. Da farko na ɗauka na ƙare. Sai na lura Yesu bai jira dattawa su maido da ni ba kafin ya karɓe ni. Ranar da ba ni da suna a bakin kowa, ni tasa ce. Ranar da aka tafa mini aka ce na dawo, ban ƙaru da komai a wurinsa ba. Wannan kaɗai na fito da shi daga bencin, shi na gaya wa Marvellous."

Tabitha ta tambaya ko akwai wuri a bencin ga irinta. Tochi ta dube ta, ta ci gaba da tsinke ganyenta.

"Ba a rubuta sunan kowa a kai ba. Sai dai akwai ƙusa a gefen hagu, ki kula da zanenki."

A taron Talatar da ta biyo baya ta ajiye shugabanci. Ta faɗa wa matan a taƙaice cewa abin da suka yaba mata a kansa ba bangaskiya ba ne, tsoron bakinsu ne, kuma ta sayi yabonsu da 'yarta. Ran Lahadi ta zo ba anko ta zauna a bencin baya. An yi magana iri-iri. Wasu sun ce akwai wani zunubi da take ɓoyewa, wasu sun ce baƙin ciki ya taɓa mata kai, wasu kuma sun ce sabuwar hanyar neman suna ce. Wannan ta ƙarshen ta yi mata zafi, domin ta san zuciyarta za ta iya. Fasto Mordecai ya tuna mata cewa ba ta ƙarƙashin horo, kuma zama a can ba ya biyan laifi. Ta ce ta sani, wanda zai biya ya riga ya biya. Ita dai a can ne kawai take iya sujada ba tare da tana lissafin masu kallonta ba. Ya ƙyale ta. Takan taso ta ci Jibin Ubangiji tare da kowa, ta koma wurinta. A nan addu'a ta dawo mata, gajeriya, ba ado.

Ba ta daina awo na biyu ba, domin amare ba su daina ramewa ba. Amma tun daga lokacin takan bar inci biyu na yadi a naɗe cikin ɗinkin kowace riga. Idan tef ya nuna mata wani abu, amaryar kaɗai take gaya wa, ta ce idan tana so za ta raka ta har ƙofar ofishin fasto ta jira a waje. Uku sun yarda ta raka su. Duk wanda aka sa a horo a majami'ar yakan tarar da tsohuwa a bencin ta matsa masa.

Marvellous ba ta dawo ba. Tochi ta ba Tabitha lambar wayar 'yar da izininta, amma Marvellous ba ta ɗaga kira. Sai a farkon Disamban 2018 saƙo ya shigo, ba gaisuwa, ba suna: tsayi, kafaɗa, ƙirji, hannu, kowanne da lambarsa. Tabitha ta daɗe tana duban wayar kafin ta gane awon yarinya 'yar shekara biyu ne. Ta ɗinka rigar Kirsimeti cikin kwana biyu ta ba direba a tasha. Tun daga nan kowace shekara lambobin sukan zo, ita kuma takan rubuta su a littafin nan mai baƙin bango. Ba ta da hoton jikarta. Ta san dai yarinyar doguwa ce, kuma hannunta ya fi na sa'anninta tsawo, kamar na Shekari.

Akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba sai Zubaidatu, wadda ta gane da idonta. Farar rigar bikin tana nan, kuma kowace shekara takan yanki wani ɓangare na leshinta ta sa a wuyan rigar Ibukun ko a bakin hannu. Yanzu saura abin da bai fi na shekara biyu ba.

A Disamban bara saƙon ya zo kamar kullum, sai dai a ƙarƙashin lambobin akwai layi ɗaya: "Na gane leshin." Tabitha ta kai wa Tochi, ta kai wa Zubaidatu, ba wadda ta iya ce mata zargi ne ko sassauci. Tabitha ta amsa saƙon da cewa ta yi kuskure, kuma ƙofa a buɗe take. Amsa ba ta zo ba.

Shekarunta sittin da huɗu yanzu, idonta ya fara gajiya da zura zare. Ran Lahadi takan zauna a gefen hagu, wajen ƙusar, ta bar gefen da ke kusa da ƙofa ba kowa.